Hoton Jar Saniya

A shekarun da sai mutum ya yi addu'a sosai kafin ya hau hanyar Batsari, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, maigidana kuma yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Safana. Litinin da safe yake tafiya, Alhamis da yamma ya dawo. Albashinmu mu biyu ba ya kai mu tsakiyar wata, shi ya sa ya sayo mani wata tsohuwar firinta ta hoto daga Katsina, na ɗora ta bisa akwatin ƙarfe a ɗakina. Matan da ba su son zuwa shagon hoto na bakin kasuwa sai su zo wurina. In rataya farin zane a bango, in ɗauke su da waya, in fitar masu da fasfo. A lokacin fasfo ba ya kwantai, domin mutanen Ruma da Wagini da suka gudo cikin gari duk takardar tallafin da za su cike sai an liƙa mata hoto.

Firintar tana da kwanson tawada biyu, waɗanda masu shago ke ce ma katirij. Ɗaya na baƙi ne, ɗaya kuma an raba cikinsa uku: ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Sabo ya fi ƙarfina, don haka na koyi ɗura masu tawada da kaina. Ina da ƙananan kwalabe huɗu da sirinji huɗu, kowane launi da nasa, a cikin wani gwangwanin madara. Yatsuna kullum a rine suke, har ɗalibaina na tambayata wane irin lalle ne wannan.

A ƙarshen wata damina abubuwa suka ƙara tsanani. Aka katse layukan waya, aka rufe makarantarmu, wutar lantarki kuwa mun manta da ita. Wani ɗan faifan sola da ke kan rufinmu shi ke tayar da firintar, shi ma sai rana ta take. Na yi kusan mako uku ban buga hoto ko ɗaya ba.

Ranar wata Talata da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida sai na ji sallama. Muryar na sani, amma na daɗe ban ji ta ba. Wata dattijuwar Bafulatana ce da ta shekara biyar tana kawo mani nono daga wata ruga da ke bayan Ruma. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mani Malama. Rabona da ita ya kusa shekara. A lokacin matan ruga sun daina shigowa gari, waɗanda suka shigo kuma ba mai tsayar da su, domin magana ta bazu cewa masu ƙwarya suna ƙirga ƙofofi ne suna kai labari daji.

Babu ƙwarya a kanta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo.

"Maraba da Inna. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Malama. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutanen gida? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya muka ji da wannan zamani?"

"Sai haƙuri, Malama. Sai haƙuri."

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ina miƙa mata kofi ina kallon inda idonta ke zuwa. Ya je kan faifan sola, ya sauko kan ƙofar ɗakin maigida, ya dawo kaina. Da can idan ta zo haka take kallon gida kuma ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar sai na ji ina lissafa duk abin da ta kalla.

Ta kwance gefen zaninta ta fito da wani ɗan ƙulli na leda. Memori ne na waya, ƙarami kamar farce. Ta ce shanunsu ne a ciki. An kore su tun farkon damina, su bakwai, ba a bar masu ko maraƙi ba. Yanzu ta ji an ƙwato wasu shanu daga daji an tara su a Safana, an ce duk mai su ya zo da shaida. Mijinta ba ya iya shiga gari, in ya shiga ba ta da tabbacin zai fito. Ardo ya sa an rubuta mata takarda, ya ce ta haɗa da hoto.

Na sa memorin a kwamfutar da nake haɗawa da firintar. Hotuna tara ne, duk na shanu, an ɗauke su a wani fili mai ciyawa. Farare huɗu, baƙa ɗaya, wani maraƙi, sai wata jar rahaji mai dogayen ƙahoni. A hoton jar akwai wani saurayi dogo yana riƙe da ƙahonta, yana dariya.

"Wannan za ki fara fitarwa," in ji Inna, ta nuna jar. "Amma ki yanke yaron. Saniyar kawai."

"Wane ne?"

"Yaro ne."

Ban ƙara tambaya ba. Na yanke shi, na tura hoton. Firintar ta yi gurnaninta, takarda ta fito a hankali. Saniyar ta fito koriya, kamar an tsoma ta a miyar kuka, da layuka farare a jikinta. Inna ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa.

"Malama, wannan ba nagge tawa ba ce. Tawa ja ce kamar goron da aka tauna. In na kai wannan, ai dariya za su yi mani."

Na san abin da ya faru. Jar tawadar ta bushe a bakin kwanson saboda zaman da firintar ta yi. Na ce mata sai na wanke shi, ta dawo gobe warhaka. Ta ce to, za ta kwana wurin wata 'yar uwarta a bayan gari. Ta miƙe, ta kai bakin zaure, sai ta juyo.

"Malam yana nan Safana har yanzu?"

"Yana nan."

"Wace rana yake dawowa?"

Nan take na tuna wani labari. A watan da ya wuce an ɗauke wani ma'aikaci a hanyar dawowarsa, kuma kowa ya ce sai da wani ya faɗa masu ranar da motar da zai shiga.

"Ba shi da rana," na ce. "Wani lokaci sai ya yi wata bai zo ba."

Ta gyaɗa kai ta fita.

Ko takalminta bai gama ƙara a zaure ba maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. Tsohuwa ce daga Wagini, Gwaggo muke ce mata. An ƙone masu rumbuna, an harbi mijinta a gona, ta dawo gari wurin ɗanta wanda ke cikin 'yan sa-kai. Ta zagayo ta shigo ba tare da doguwar gaisuwa ba.

"Wace ce wannan?"

Na faɗa mata. Ina magana ina ɗora ruwa a kan garwashi, domin in ban fara aikin a lokacin ba rana za ta karkata. Ruwan leda nake sa wa, ba na rijiya ba, don na rijiyarmu yana barin farin gishiri a bakin kwanson ya ƙara toshe shi. Da ya yi ɗumi, yadda yatsa zai iya zama a ciki, na zuba kaɗan a murfin kwano, bai kai kaurin tsinke biyu ba. Na ciro kwanson launi na tsayar da shi a ciki, bakinsa kawai a ruwan, ina kiyaye kada ya taɓa ɗigogin jan ƙarfen da ke bayansa.

Gwaggo ta zauna a kan turmi tana kallona.

"Shanu bakwai, ta ce? Kuma duk an kore? Su da ke kwana da su suna tashi da su?"

"Su ma ana kore masu, Gwaggo."

"Haka suke faɗa. Ta tambayi Malam?"

Na ci gaba da kallon kwanson. Hakan ya ishe ta.

"Ta tambaya ke nan. Ɗiyata, ranar da za su shigo mana Wagini, da safe wata mai nono ta zauna a ƙofar gidana ta sha ruwa, ta tambaye ni ko maza sun tafi gona. Ni da bakina na ce mata sun tafi."

Shuɗi da ruwan ɗorawa suka fara sauka cikin ruwan suna yin zare-zare. Ja bai motsa ba. Na ɗaga kwanson na danna bakinsa a kan farin ƙyalle mai laushi. In lafiya yake, layi uku zai bari a jere. Biyu ya bari. Na zubar da ruwan na sake sabo, na mayar da shi.

"Ko ba ta san komai ba," in ji Gwaggo, "ai tana da 'ya'ya. Za su tambaye ta me ta gani. Ta ce na ga sola, na ga kwamfuta, na ga injin da ke haifar hoto. A wurinsu ai kun zama masu kuɗi."

Sau uku ina sake ruwan. A na uku wani ɗan jan zare ya fito siriri, ya narke. Na danna a ƙyalle: layi na uku ya bayyana, amma a yayyanke. Na ɓare takardar da ke saman kwanson, ramukan suka fito. Kullum sai na gwada su da tsinken tsintsiya kafin in ɗura, ko da na san wane ne wane, domin na taɓa zuba shuɗi a ramin ruwan ɗorawa, mata uku suka fito da fuskoki kamar ganyen rama. Na tsoma tsinke, ya fito da ja a bushe. Na zuƙo jar tawada a sirinji, na soka allurar cikin soson da ke ciki, ina turawa a hankali a hankali. In ka yi gaggawa iska ta shiga, in ka cika ta malala cikin 'yan uwanta.

"Akwai mutum a hotunan?" in ji Gwaggo.

Na danna sirinjin da ƙarfi, tawada ta ɓulɓulo ta saman ramin ta gangaro mani a yatsu. Na yi sauri na zuƙe rarar, na goge.

"Shanu ne," na ce.

Ban san abin da ya sa na ɓoye mata ba. Ban yarda da Inna ba, amma na san abin da ke biyo baya idan fuskar saurayin ruga ta shiga hannun ɗan Gwaggo.

Bayan ta tafi na koma kan kwamfuta na buɗe hoton da ban yanke ba. Na ƙara girmansa har fuskar saurayin ta cika allon. Akwai wata igiya da ta ratso kafaɗarsa ta bi ta ƙirji, abin da ke rataye da ita yana bayansa, wani baƙin abu ya ɗan leƙo ta saman kafaɗa. Zai iya zama bakin gorar ruwa. Zai iya zama kan sanda. Na ƙara girman har hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, ban gane komai ba. Na duba sauran ɗaya bayan ɗaya, ina neman babur a bayan bishiya ko wani abu makamancin haka. Ciyawa ce kawai da shanu.

Ba halin in kira maigida. Da la'asar na yagi takarda daga littafin darasi na rubuta masa: kada ka dawo wannan makon, mai nonon nan ta Ruma ta zo tana tambayar ranar dawowarka, in ka gan ta kada ka kula ta. Na naɗe na kai gidan wani abokin aikinsa da zai tafi Safana washegari, na ba matarsa.

Da safe na sake danna kwanson a ƙyalle. Layi uku, kowane a cike. Na mayar da shi, na jira rana ta hau kan rufi. Gwajin farko jan ya fito da ɗan shuɗi-shuɗi, alamar tawadar da ta malala ta taɓa maƙwabciyarta. Na buga jan fili a farar takarda sau huɗu har ya washe. Ina cikin na biyar Inna ta yi sallama.

Bayan mun gaisa na sa takardar hoto mai kyau, cikin 'yan kaɗan da suka rage mani. Ƙahonin suka fara fitowa, sai tozo, sai jikin. Inna ta durƙusa a gaban firintar tun kafin takardar ta gama fita.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Ga tsagar kunnenta."

Na ce kada ta taɓa sai ya sha iska. Ta ɗora hannayenta a gwiwa tana kallonsa har na gama fitar da sauran. A gefen hoton, a kan ƙahon, yatsun saurayin huɗu sun rage, don ba yadda zan yanke su ba tare da na yanke ƙahon ba. Ta gan su.

"Ɗana ne," ta ce, ba tare da na tambaya ba. "Autana. Kwana biyu bayan an kore shanun ya ce zai bi sawu. Bai dawo ba. Wasu sun ce an kashe shi. Wasu sun ce sun gan shi a kan babur tare da su. In na kai hoto da fuskarsa, wanda ya ji magana ta biyun zai ce shanun ɓarawo ne."

"Ke wace kika yarda da ita, Inna?"

"Ban sani ba, Malama. Kowace na ɗauka ba ta ɗaukuwa."

Ta sa hotunan cikin ledar da na ba ta, ta tura cikin riga. Ta ajiye mani ƙwan zabi a cikin wani tsumma. Sannan ta ce abin da ya sa ta tambayi Malam jiya, ba ta taɓa shiga ofis ba, ba ta san ƙofar da ake bi ba. Ta yi tunanin in zai dawo ya koma, ta bi shi, ko ya nuna mata wanda za ta gani.

Maganar ta zauna daidai. Amma na tuna cewa wanda aka aiko shi ma da magana mai zama daidai ake aiko shi. Na ce mata in ta isa ta tambayi masu gadi, za su nuna mata. Ban ce mata Alhamis yake dawowa ba, ban kuma ce mata na aika takarda ba.

Alhamis ɗin nan aka tare hanya da yamma. Mota biyu, aka tafi da mutum biyar. Ɗaya daga cikin motocin ita maigida ya fi shiga. Labarin ya iso mana Juma'a da safe, Gwaggo ce ta kawo shi, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Me na ce maki? Me na ce maki, ɗiyata? Ki yi sadaka."

Na yi sadakar. Na dafa wake da shinkafa na raba.

Sai da ya yi kwana goma sha ɗaya sannan ya dawo, da tsakar rana, ranar da ba wanda ya zata. Bayan ya ci abinci na zayyana masa komai, har da hoton saurayin. Ya saurara bai katse ni ba.

"Na gan ta," ya ce. "Kwana uku tana zaune gindin dalbejiya a bakin ƙofar sakatariya, da leda a hannu. Ta gane ni ranar farko, ta taso. Na yi kamar ana kirana a ciki."

"To ai ga abin da ya faru Alhamis."

"Hanyar nan makon da ya wuce ma an tare ta, ranar Lahadi. Kafin nan Laraba. Kuma ke kin ce ba ki faɗa mata rana ba."

"Tana iya ji a wani wuri."

"Tana iya. Amma Alhamis da yamma tana gindin dalbejiya, ta tagar ofis nake hangenta."

Na ce zamanta a can bai hana ta aika wani ba. Ya dube ni, ya ce haka ne, bai hana ba.

Ya ce a rana ta uku wani masinja ya ji tausayinta ya shigar da ita. Aka kai ta inda shanun suke. Jar ba ta ciki, ko ba a ƙwato ta ba, ko wani ya riga ya karɓe. Ta gane fara ɗaya, aka gwada da hoton, tsagar kunne ta yi daidai, aka ba ta. Ya gan ta tana janye da ita a bakin titi, saniyar duk haƙarƙari a waje, ba wanda ya raka ta.

Kwana biyu bayan haka ɗan Gwaggo ya yi sallama da maigida a zaure. Uwarsa ta ba shi labarin mai nono, yana so ya ga abin da ke cikin memorin, ko akwai fuskar da suka sani. Maigida ya leƙo ya tambaye ni. Na ɗaga murya yadda na zauren zai ji, na ce ta tafi da memorinta, ni kuma ba na ajiye hotunan mutane. Ya yi godiya ya tafi. Hoton yana nan a kwamfutar. Da maigida ya shigo na buɗe masa, ya daɗe yana kallon igiyar da ke kafaɗar saurayin.

"Gora ce," ya ce. Can kuma ya ce, "Ina jin gora ce."

Ya sa na goge shi a gabansa, na goge har daga kwandon shara na kwamfutar.

Inna ba ta sake zuwa ba. Bayan kaka, da aka dawo da layin waya aka buɗe makaranta, na tambayi wata mai kawo mana itace daga wajen Ruma. Ta ce rugar ta tashi gaba ɗaya, sun yi kudu, ba ta san ko ina ba. Na tambaye ta labarin autan tsohuwar. Ta sauke itacenta, ta dube ni, ta dubi katangar Gwaggo, ta ce ita itace take sayarwa. Na gane ita ma tsorona take ji, na ba ta ruwa ta sha ta tafi.